Infaƙu, Tazyini ko Daular Sakkwato: da wanne Badamagare zai fara?

Littattafai uku ne suka fi yawo a hannun masu son sanin yaƙin da ya kifar da gadajen sarautar ƙasar Hausa daga 1804 zuwa 1808, wato jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Biyu daga cikinsu mutanen da aka yi yaƙin da su ne suka rubuta: Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya kammala a 1812, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ƙanen Shehu, na 1813. Na ukun Bature ne ya rubuta shi bayan shekara 150 da ɗoriya, Murray Last, amma da tubalin waɗancan ya yi gininsa. Ya fito da Ingilishi a 1967, daga baya aka mai da shi Hausa da sunan Daular Sakkwato. Wanda yake da halin mallakar duka ukun, magana ta ƙare. Wannan rubutu na wanda aljihunsa ko lokacinsa bai wuce littafi ɗaya ba ne, ɗalibin jami'ar André Salifou ta Damagaram ne, ko almajirin zaure a Birni, ko ɗan kasuwar da ke cusa littafi cikin kaya in ya je sari Kano.

Infaƙu shi ne babban kundin. Bello bai buɗe shi da yaƙi ba. Sai da ya zagaya da mai karatu ƙasashen da yake kira Takruru, Barno da Ahir da biranen Hausa har zuwa Songai, yana ambaton malaman kowace ƙasa, sannan ya sauko kan mahaifinsa, yadda yake zama wa'azi da abin da yake koyar da jama'a. Wani yanki na wannan kashi na farko ne Bature matafiyi Clapperton ya tafi da shi Ingila bayan ya ziyarci Bello a Sakkwato a 1824. Mai gaggawa yakan tsallake shi don ya kai ga dawaki da kibau, kuma asara yake yi, balle mu da Ahir ke arewa da mu, Barno kuma gabas.

Daga nan labarin yaƙi ya miƙe, zango bayan zango. Dokokin Sarkin Gobir Nafata na hana rawani da lulluɓi da hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, harin da aka kai wa mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, mubaya'a, sai farmakin farko a Matankari da Birnin Ƙonni. Mai karatu ɗan Nijar zai tsaya a nan ya sake dubawa, domin garuruwan biyu duk a cikin ƙasarmu suke yau, haka ma Maratta inda aka haifi Shehu a 1754. Yaƙin da muka saba ɗauka labarin ƙetaren iyaka ne, ashe ƙafarsa ɗaya a gidanmu take.

A Tabkin Kwatto ne, watan Yunin 1804, za ka gane amfanin jin magana daga bakin wanda ya gani. Bello bai fi shekara 23 ba a lokacin. Yana gaya maka dawakinsu ba su wuce ashirin ba, sauran jama'a ƴan ƙasa ne da kwari da baka, ga Yunfa Sarkin Gobir, magajin Nafata, ya zo da ƴan lifida da taimakon Abzinawa. Aka gwabza, Gobirawa suka watse, Yunfa ya tsere ya bar kayansa. Mutumin da ke ƙirga dawakin rundunarsa ya samu ashirin, ya san abin da tsoro yake nufi ko bai faɗa ba, kuma wannan ba marubucin baya da zai iya ba ka shi. Bello bai kuma ɓoye ranakun baƙin ciki ba. Ga Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar nan, inda aka rasa mutum wajen 2,000, kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Ga yunwa da ciwo da suka tura jama'a Zamfara neman abinci. Ga Alwasa a 1805, inda saura kaɗan komi ya rushe. Har dai aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a watan Oktoban 1808, aka kashe Yunfa.

To amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma daɗin nan shi ne abin kiyayewa. Bello ba ɗan kallo ba ne. Jarumin yaƙin ne, ɗan jagoransa, kuma a shekarar da ya rubuta littafin aka danƙa masa gabashin daular, Abdullahi kuma yammacinta. Yana rubutu ne a lokacin da ake tambayar jama'ar Shehu da wace hujja suka yaƙi sarakunan da ke salla da azumi. Saboda haka Infaƙu tarihi ne, kuma kariya ce. Gobirawa da Katsinawa da Kabawa suna cikinsa daga farko har ƙarshe, amma da wuya ka ji muryarsu. Suna zuwa ne a ci su ko su ci, su wuce.

Mutum ɗaya ne Bello ya bar shi ya yi magana da bakinsa har ya gaji, kuma wannan kaɗai ya isa Badamagare ya sayi littafin. Shehu Muhammadu Aminu al-Kanemi ne, wanda muka fi sani da Shehu Laminu. Bayan masu tutar Shehu Usmanu sun ci Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, a 1808, shi ne ya tsaya wa Mai na Barno da takobi da alƙalami, ya kuma rubuto wasiƙu yana tambaya: me ya sa kuke yaƙar mu, kuna bautar da ƴaƴanmu? Hujjarsa a taƙaice ita ce, in tsai da salla da ba da zakka da azumin Ramadan da gina masallatai kafirci ne, to mene ne Musulunci? Ya yarda akwai cin hanci a Barno, akwai cin dukiyar maraya, akwai mata marasa lulluɓi, akwai zalunci a shari'a, amma ya ce duk wannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini, kuma ana yin irinsa a Masar ba wanda ya kafirta Misirawa. Har ya ce suna son Shehu Usmanu suna son gaskiya matuƙar sun dace, in kuwa sun saɓa, gaskiya ce a gaba. Amsar Bello ta fi jingina kan abu ɗaya: Mai na Barno ya taimaki sarakunan Hausa a kan Jama'a, wanda kuwa ya mara wa abokan gaban Musulmi baya ya shiga hukuncinsu.

Kowa ya karanta zai auna da kansa wanda ya fi hujja, malamai ma ba su gama wannan muhawara ba. Abin da ya shafe mu shi ne, Damagaram ba ta karɓi tuta ba. Ƙarƙashin Barno take a lokacin, can take kai gaisuwa, kuma ko da ta yi ƙarfin da ta yi zamanin Tanimun, mai garu da igwa, ba ta taɓa zama ta Sakkwato ba. Don haka maganar al-Kanemi ita ce mafi kusa da abin da kakanninmu na fada za su ce da an tambaye su. Abin yabo ne ga Bello da ya kwafe hujjar abokin jayayyarsa ya ajiye cikin littafinsa, mai ƙaramar zuciya da ya taƙaita ta layi biyu ya wuce.

Tazyini kuwa wani abu ne daban, kuma wanda ya saye shi yana tsammanin jerin yaƙe-yaƙe zai ji an cuce shi. Ƙaramin littafi ne. Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na Larabci ne, kowace ya gabatar da ita da ɗan bayanin abin da ya sa ya yi ta, sai bayanan suka haɗu suka zama tarihin rayuwarsa. Ya fara tun shekarun yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, kusan shekara 20 kafin a harba kibiya. A nan za ka samu labarin wani malami, Mustafa Goni, da ya tare su da baitoci yana zargin Shehu da barin mata su halarci wa'azi tare da maza. Shehu ya ce wa ƙanensa ya amsa, Abdullahi ya amsa da baitoci cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Da ƙafiyar da mutumin ya zo da ita aka mayar masa.

Abdullahi ne ya ja rundunar Tabkin Kwatto, kuma waƙarsa ta wannan rana cike take da murna. Amma wurin da littafin ya fi kowane nauyi shi ne shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807. An kama hanyar Alƙalawa, sai Abdullahi ya sulale daga rundunar da ƴan abokai kaɗan, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka da Madina ba dawowa. Dalilinsa yana cikin waƙar da ya yi. Abokansa na gaskiya sun ƙare a fagen fama, an bar shi cikin mutanen da burinsu mulkin garuruwa ne da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a cikin gari ba na filin daga ba, masu cin ganima da hanci, masu faɗin abin da ba sa aikatawa. Kanawa ne suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya koma gida.

Ka dubi wanda ke wannan magana. Ba Bagobiri ba ne mai jin haushin an ci garinsu, waziri ne, ƙanen Shehu, malamin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili, kuma yaƙin ma bai ƙare ba yake faɗin haka. A ganina, duk cikin littattafan nan uku ba shafin da ya kai wannan daraja. Duk wani juyin da aka yi da makami, a ko'ina ne, yana da ranar da masu aƙida ke waiwayawa su ga waɗanda suka cika sahu, amma ba kasafai babba irin wannan yake rubuta ta da hannunsa ya sa sunansa ba.

Matsalar Tazyini harshensa ne. Larabcin Abdullahi na mawaƙan jahiliyya ne, kalmomin da ko wanda ya sauke Risala da Askari zai tsaya yana lalube. Wani dattijon malami a Birni da aka kai masa littafin ya juya shafi biyu ya ce da mai shi, "Ɗana, ka karanta Maƙama? Ka karanta Shu'ara?" Da ya ji a'a sai ya ce, "To ka riƙa zuwa bayan la'asar, wannan ba a karanta shi a tsaye." Gaskiyarsa. Baiti uku ko huɗu sun isa zama ɗaya, malam yana fassarawa kana rubutawa a gefen shafi. Mai Ingilishi yana da sauƙi, don Mervyn Hiskett ya buga shi a Ibadan a 1963, Larabcin da fassararsa a haɗe. Sai dai ko da fassara, wanda bai riga ya san jerin abubuwan da suka faru ba zai ɓace, domin Abdullahi yana rubuta wa mutanen da suka san labarin ne. Yakan ambaci wuri ko mamaci ya wuce, ba ya tsayawa ya ce maka wane ne.

Wannan giɓin ne littafin Murray Last yake cikewa. Ya zauna Sakkwato a farkon shekarun 1960, ya yi karatu a hannun Waziri Junaidu da takardun gidansa, kuma da wannan aiki ya samu digirin digirgir a jami'ar Ibadan, a 1964. Abin da ya yi shi ne ya jera Bello da Abdullahi da Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Bello, da wasiƙun fada gefe da gefe, ya ga inda suka dace da inda suka saɓa, ya daidaita watannin Musulunci da na boko, ya ce maka ga wanda ya faɗi kaza. Ya kuma wuce inda waɗancan suka tsaya. Bello ya ajiye alƙalamin Infaƙu a 1812, saboda haka ba za ka ji a cikinsa cewa Abdussalami, Ba'aren nan da harin da aka kai wa mutanensa a Gimbana ya zama mafarin rikicin, shi ne ya yi wa Bello tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817, ya kuma rasa ransa a 1818 sanadin wannan tawaye. Wanda ya tsaya kan Infaƙu kaɗai zai bar Abdussalami yana wanda aka zalunta aka rama masa, bai san ƙarshensa ba.

Aibinsa biyu ne. Na ɗaya, ba littafin hira ba ne, yaƙin kansa bai ci wuri mai yawa ba, babban kaso na littafin kan sarautar waziri ne da yadda aka tafiyar da daula har zuwan Turawa a 1903. Na biyu, daga zauren Waziri yake hangen duniya. Maraɗi da Tsibiri da Damagaram suna fitowa ne a matsayin masu kai hari a bakin iyaka. Ba ƙarya ya yi ba, daga inda yake zaune haka suke.

A nan ne duka ukun suka gaza mana tare. Waɗanda aka ci ba su bar littafin da suka rubuta ranar da abin ya faru ba, alhali da yawansu wajenmu suka gudo. Bayan faɗuwar Katsina, Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya a Ɗankama, Ɗan Kasawa da ya gaje shi kuwa Damagaram ya fara fakewa kafin Katsinawa su kafu a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa sun kafa Tsibiri bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836. Gidan sarautar Daura na da ya koma Zango da Ɓaure, ga su nan kudu da mu. Labarinsu a bakin fadawa da makaɗa ya zauna, har Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyakar Nijar da Nijeriya tsakanin 1906 da 1909, ya bi fada-fada yana rubuta shi da Faransanci. Shekara 100 ta riga ta wuce a lokacin, don haka ji ne ba gani ba, kuma kowane fada yana gyara kakansa. André Salifou ya yi amfani da irin waɗannan ruwayoyi a littafinsa na Damagaram a ƙarni na 19 da ya fito a 1971, Yusufu Bala Usman kuma a nasa na Katsina na 1981. Ba su ne zaɓin da ake magana a kai ba, amma wanda ya gama ɗaya daga ukun can, ɗaya daga waɗannan ya kamata ya bi masa, ba wani na Sakkwato ba.

Mata ma kusan shiru ne a duka ukun. Mai son jin hijirar daga wadda aka yi tafiyar da ita tana yarinya ƴar shekara 10, ya nemi Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u. Da Fulatanci ta yi ta, ɗan'uwanta Isa ya mai da ita Hausa, kuma zama ɗaya ya isa a saurare ta.

To da wanne za a fara? Mai Larabcin da zai iya karanta littafin fiƙihu ba malami, ya ɗauki Infaƙu ba shawara. Zubensa miƙaƙƙe ne, labarin a jere yake, ga wasiƙun Barno a ciki. Wanda lakwal kaɗai ya yi, Faransanci ne a bakinsa, shi ma Infaƙun nake ba shi shawara, ta fassarar Hausa da aka yi a Sakkwato. Rubutun Hausar boko yakan yi wa ɗan lakwal ɗinmu nauyi kwana biyun farko, sai ya riƙa karantawa a fili, kunnensa zai warware masa abin da idonsa ya kasa. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, wanda malaminsa zai tambaye shi wata da shekara da madogara, shi ne kaɗai zan ce ya fara da Last, don in ya fara da Bello zai kwashi hujjar ɓangare ɗaya ya zuba a matsayin hukunci. Tazyini kuwa, duk da shi na fi so, ban ba kowa shawarar farawa da shi ba. Na biyu ne, bayan ka san wane ne ya mutu a Tsuntsuwa da Alwasa, sannan kukan Abdullahi zai shige ka.

Saura maganar saye. Akwai wani littafin Ingilishi na 1922 da E. J. Arnett, Razdan na Sakkwato, ya fitar, wanda ke yawo a wayoyi ana ce masa fassarar Infaƙu. Ba cikakkiyar fassara ba ce, wani wurin fassara wani wurin taƙaitawa, don haka kada a ɗauko magana daga cikinsa a ce Bello ne ya faɗe ta haka. Larabcin kuwa an buga shi a Landan a 1951, an sake buga shi da gyara a Rabat a 1996, kuma daga irin waɗannan ake ɗaukar hoton kofen da ke zuwa mana. Ko a Kasuwar Dole ka same shi ko an sayo maka a Kurmi, kada ka biya sai ka buɗe wajen ƙarshe ka tabbatar wasiƙun al-Kanemi da amsoshinsu suna nan, ka bi lambobin shafi da yatsa, don kofe na kofe yakan zubar da shafi goma ba wanda ya lura. Ka kuma duba baitocin da ke tsakiyar zube, su ne tawada ta fi cinyewa. In ɗigon haruffa ya ɓace a nan, ka ajiye ka ce a kawo wani.